Tasoshin Aro a Ɗakin Saude

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince wake, sai ga a-kori-kura ta kunno daga hanyar Gwarzo da kayan wata amarya, an jibga kujerun kushin da kabad da madubi kamar za a kai kasuwa. Kafin la'asar aka ce wai an gama jere. Jere fa! Na tambayi maƙwabciyata su wa suka yi, ta ce kafinta ne ya zo da yaransa suka ɗaɗɗaure, mata na tsaye suna ɗaukar hoto da waya. Ko guɗa ɗaya ban ji ba. Na ture faifan waken gefe, raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba, har dare ban ci tuwo ba.

Mu da muka tashi a Kutama, ɗakin amarya daga ƙasa ake fara shi. Tun ana saura kwanaki za ka ji madaɓi na tashi, tim, tim, tim, matan unguwa sun durƙusa a jere suna dukan tsakuwa da jar ƙasa, ɗaya na ba da waƙa sauran na amsawa. Mu 'yan mata aikinmu ɗebo ruwa da jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a yayyafa wa daɓen har ya yi duhu ya yi santsi. Warin nan na makuba har yau in na rufe ido ina jin sa a hancina. Innarmu ba ta da wasa a wajen nan. In ta ga yarinya ta sassauta hannu sai ta ce, “Ke, daki ƙasar nan da kyau, 'yar mutane za ta kwanta a kai.” Bayan daɓe a shafe bango da farar ƙasa, a kawo gadon kara, a shimfiɗa tabarmar kaba, a rataya asabari a ƙofa. Sannan tsofaffi su shiga su jera ƙorai, babba a ƙasa ƙarama a sama, kowace da faifanta, a saƙale ta nono a ragaya. Ba abin da aka saya da tsada a ciki, amma duk wanda ya leƙa ya san hannuwa da yawa sun taɓa ɗakin.

Tasoshin tagulla kuwa sai gidan wane da wane. A duk unguwarmu gida ɗaya ne ke da su, gidan su Yaya Delu. Ba uwa ɗaya muke da ita ba, katanga ce kawai ta raba mu, amma ita ta goye ni, ita ta koya mini daka da kitso, ita ta fara zane ni da na yi rashin kunya. Tasoshin na kakarta ne, fatake suka kawo su daga ƙasar Nufe, jajaye masu zane a baki, in ka ƙwanƙwasa ɗaya sai ta daɗe tana amsawa. Duk jajibirin salla ni da ita muke fito da su tsakar gida mu goge da toka da tsamiya har mu ga fuskokinmu a ciki, tana zagina wai hannuna kamar na kuturu. Da aka yi mata aure da su ta tafi, da mijin ya rasu ba ta samu haihuwa ba ta dawo da abinta gidan ubanta.

Lokacin nawa auren duniya ta fara sauyawa. Ƙorai sun koma madafa, langa da fanteka da samira sun shigo, masu furanni ja da shuɗi, ana jera su tun daga ƙasa har kusa da azara. Babanmu ya sayar da gyaɗa ya sayo mini gadon ƙarfe mai rumfa da katifar audugar rimi, sai da aka sa mini turmi na taka kafin in hau. 'Yan yanzu suna ganin kwanukan nan ado ne kawai. Ina! Jeren mace shi ne bayanta. Miji ba ya taɓa shi, ɗan miji ba ya taɓa shi, in ciwo ya zo ko fari ya zo ita ke zare ɗaya ta sayar ta fitar da gidan daga kunya. In kuma ta aurar da 'ya, daga jikin bangonta take sauke mata. Macen da bangonta ya zama fili, ko ba ta yi magana ba kowa ya san halin da take ciki.

To, nawa bangon ostariti ne ya cinye shi, wato matsin nan na tsuke bakin aljihu da gwamnati ta kawo. A rediyo muka fara jin kalmar, muna dariya muna cewa wace ce kuma wannan, ashe baƙuwa ce da ta zo da tabarmarta. Taki ya gagara, sabulu ya gagara, damina ta yi mana gardama, sannan maigidana ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na fara da samira, na bi da fantekoki, ina fitar da su a ɓoye cikin zane kamar wadda ta yi sata. Ranar da aka kwance gadon ƙarfen nan aka ɗora a amalanke, na shiga bayan gida na toshe bakina na yi kuka don kada yara su ji. A shekarun nan 'yan gwangwan suka riƙa bin ƙauyuka suna sayen tagulla a kai wa masu narkarwa. Sun yi wa Yaya Delu sintiri har suka gaji. Na gan ta da idona tana cin tafasa ba ƙuli, tasoshin na jere a bayanta suna walƙiya. Na ce, “Yaya, ki sayar da ko ɗaya ce mana.” Ta harare ni ta ce, “Ke kina da 'ya'ya. Ni in na sayar da su, wa zan kalla in na farka?”

Saude ita ce autata. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ana ta wa'azi a lasifika, mata duk mun koma manyan hijabai, ta samu miji a Gammo ta wajen Kabo. Yaron kirki ne, suna son juna, gidansu kuma masu rufin asiri ne, uwarsa Hajiya Kande har Makka ta je. Yayyen Saude suka yi ƙoƙari suka haɗa gadon katako da katifa da ledar ƙasa da 'yan kwanuka. Amma bango fa? Bangon da dangin miji za su shigo su fara kalla tun kafin su kalli fuskar amarya? Na kwana na tashi da abin nan a raina har na rame.

Akwai abin da muke yi a wajenmu, kuma kada wani ya ce mini ƙarya ce ko yaudara, rufin asiri ne. In uwa ba ta da abin jere, sai ta je wa 'yar'uwa ko aminiya ta ara. Ba a yi da shaida, ba a faɗa wa namiji, daga mai bayarwa sai mai karɓa sai amarya. Ranar jere a ce uwar amarya ce ta yi mata. Bayan biki ya lafa, duk wadda ta je ganin amarya daga gida sai ta zaro ɗaya ta ɓoye a mayafi, a gyara sauran su rufe gurbin, a hankali a hankali har kayan mutane su koma, kafin nan ita ma ta fara tara nata. Rabin ɗakunan da aka yi wa guɗa a ƙasar nan haka aka yi su, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Na sami Yaya Delu da hantsi tana kaɗi. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya ƙafar, ya sanyin jiki, ya hidimar biki, na rasa ta inda zan fara sai sake gaisuwa nake. Ta ajiye mazarin ta ce, “Ke dai faɗi abin da ya kawo ki, kin gaishe ni ya isa haka.”

Na ce, “Yaya, bangon Saude ne.”

Ta juya ta kalli tasoshin. Na ce a raina shi ke nan, na yi wauta. Can ta ce, “Ɗauko buhu. Amma ki ji ni da kyau, kafin azumi ina son ganin abina. Ban taɓa yin salla ba su a ɗakin nan ba.”

Na ce, “Wallahi Yaya kafin azumi.” Na durƙusa ina godiya, ta ce in tashi in ba ta wuri kafin ta sake shawara.

Ranar jere a Gammo, wayyo, ba zan manta ba, ko da yake labari aka kawo mini, don uwa ba ta zuwa. Ƙannena da suka je suka ce da aka gama jera tasoshin a saman kabad, hasken taga ya faɗa kansu, sai kowa ya zuba musu ido. Hajiya Kande ta dafa ƙirji ta ce rabonta da ganin irinsu tun tana yarinya. Mai guɗa ta rangaɗa, ta ɗaga murya ta ce jama'a su shaida, wannan uwar amarya ce ta sauke wa 'yarta daga bangonta. Matan Gammo kaf suka ji. Daren nan na yi barci har da minshari.

Matsalar ita ce Hajiya ta ƙwallafa rai a kansu. Duk baƙuwar da ta zo gidan sai ta ja ta ɗakin Saude ta nuna mata, ta san kowace tasa da inda take zaune. Da na je da hijabina har ƙasa, da niyyar zaro ta farko, Saude ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Inna, don Allah. Jiya ma sai da ta shigo ta gyara musu zama. In ta ga babu ɗaya, me zan ce?” Na ce, “Ke, kayan mutane ne fa, na yi rantsuwa.” Sai ta sunkuyar da kai ta ce tana da ciki, a bar su a yi suna mata su gani, daga nan ko duka ne a kwashe. Na dawo hannu wofi. Azumi ya zo ya wuce, Yaya Delu ta yi salla da bango fili. Da na je ba ta haƙuri ba ta zage ni ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Cewa kawai ta yi, “Allah ya sauke ta lafiya.”

Ba a yi sunan da mata za su gani ba. Naƙuda ta zo da gardama, kafin a sami motar da za ta kai ta asibiti jini ya ƙare mata. Ta bar 'ya mace, aka sa mata Bilki. Ba zan tsaya a nan ba, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Bayan sadakar arba'in aka aiko mini in zo za a raba abin da ta bari. A da irin wannan tsofaffin mata ne ke shiga ɗaki su daidaita a tsakaninsu, da na ja Hajiya gefe mun gama a rufe. Amma lokacin kowa na tsoron a ce ya kauce wa Shari'a, sai suka kira malamin garin, mutum mai tsantseni, ya ce a fito da komai tsakar gida, ko allura kada a bari, don akwai hakkin marainiya. Na iso na tarar an baje ɗakin 'yata a kan tabarmi, maza a gefe mata a gefe, tasoshin Yaya Delu a tsakiya rana na dukan su. In na yi shiru, na ci amanar matar da ta goye ni, wadda ba ta da komai a duniya sai su. In na yi magana, na tone wa Saude asiri tana kabari. Malam ya fara lissafa wa kowa rabonsa, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, “Allah gafarta Malam, tasoshin nan ba nata ba ne. Aro ne.”

Hajiya Kande ta ce, “Innar Saude, me kika ce? Aro? A gabanmu aka ce ke kika ba ta!” Mata suka ɗauka, ƙwarai, mun ji da kunnenmu. Wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, “Tabɗi, 'yar ko ruɓewa ba ta yi ba.” Malam ya tsawatar. Ya ce da ni cikin natsuwa, “Baiwar Allah, ba na ƙaryata ki. Amma jama'a sun shaida kyauta, ke kuma kin zo da magana daban. Kina da wanda ya ga aron?” Na ce babu, ai ba a yi da shaida. Ya ce to mai kayan tana raye? Na ce tana raye. Ya ce a kawo ta ta faɗa da bakinta, in ta kama ta rantse, a ba ta abinta. Aka ɗage zuwa ranar kasuwa mai zuwa.

Na koma Kutama na zube gaban Yaya Delu na faɗa mata komai. Ta saurara, tambaya ɗaya kawai ta yi, wai jaririyar tana shan nono kuwa. Da ranar ta zo muka shiga motar kasuwa, ina riƙe da ita saboda ƙafar, zuciyata ta ɗan yi sanyi don na san yau za a gama. An sake baje kayan, mutane sun fi na farko yawa, har da na maƙwabta a kan katanga. Aka gaisa, aka yi wa juna gaisuwar rashi. Yaya ta ce a miƙo mata yarinyar. Ta karɓe ta ta daɗe tana kallo, sannan ta kalli tasoshin, na ga leɓenta na motsi.

Malam ya ce, “Inna, an ce kayan nan naki ne, aro kika bayar. Haka ne?”

Ta ce, “Malam, ni ba ni da kaya a gidan nan. Na Saude ne.”

Na ce, “Yaya!”

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Ƙanwata ce, baƙin ciki ne ya taɓa ta, ku yi mata uzuri.”

Kai, ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na ga Hajiya ta kau da kai, na ga mijin Saude ya sunkuya yana share hawaye, na ga matan nan suna taɓa juna. Malam ya yi addu'a ya raba. Abin da ya faɗo a rabona na ce a haɗa wa marainiya, don hannuna ba zai iya ɗauka ba a gaban idanun nan, sai aka ce ai kunya ce ta kama ni.

A hanya, muna jiran mota a gindin wata tsamiya, na fashe. Na ce, “Yaya, me na yi miki? Saboda ke na buɗe bakina! Kin mai da ni maƙaryaciya, mai cin kayan marainiya, a garin da jikata za ta girma!” Ta zauna a kan saiwa tana haki. Ta ce, “To, so kike in ce me? In ce 'yarmu a ɗakin aro ta zauna, a ɗakin aro ta mutu? Yarinyar nan ta tashi ana nuna ta ana cewa uwarta ko kwano ba ta zo da shi ba? Ke kina da rai, kina iya ɗauka. Ita fa?” Na ce, “Ke kuma fa? Me ya rage miki?” Ta ce, “Tun ranar da aka ce Saude ta cika na bar mata su. Ba ki tambaye ni ba ne kika je kika yi ta surutu.” Sai ta fara kuka, ni ma ina yi, har motar ta zo.

Ba ta ƙara shekara biyu ba. Na yi jinyarta a ɗakin nan mai bango fili, ina jin haushinta ina kuma wanke ta. Da ta tafi, ba sauran wanda ya san gaskiyar maganar sai ni. Gammo kuwa ƙafata ta yi nauyi. In na je ganin Bilki za a karɓe ni da mutunci, a kawo fura, amma sai in ga an ja ƙofar ɗakin da kayanta suke. A hankali na daina zuwa, yarinya ta girma a hannun Hajiya tana jin abin da ake faɗa.

Bara da kaka sai ga ta ta zo da kanta, budurwa sosai, tafiyar uwarta sak. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an sa ranarta. Ta ce Hajiya kafin ta rasu ta adana mata tasoshin uwarta, kuma ko ƙawayenta za su yi dariya sai ta jera su, don su kaɗai ne abin da ta sani na uwarta. Ta ce duk Gammo ana cewa ba a taɓa kawo amarya da ɗaki irin na Saude ba. Tana faɗa idonta na haske. Sai ta soma wasa da bakin hijabinta, ta ce, “Kaka, in tambaye ki, kada ki yi fushi. Wai da gaske ne kin ce ba nata ba ne, kina so ki karɓe?”

Na kalle ta. Maganar na nan a bakina, shekara da shekaru ina jiran wanda zai tambaye ni. Na haɗiye ta.

Na ce, “Da gaske ne, na faɗa. Na uwarki ne, 'yar nan. Ki goge su da toka da tsamiya.”

Ta ce to. Ta ɗan ja jikinta baya kaɗan, ta ce bari ta tashi kada mota ta wuce ta. Har aka yi bikin ba a aiko mini in je jere ba.